Hoto garau, amma me ya sa nake tura fim ɗin gaba?

Wata 'yar'uwa ta aiko da tambaya. Ta ce a 'yan makonnin nan ta kalli fina-finan Hausa masu dogon zango da dama a YouTube, ta kuma kalli wani fim ɗin Indiya da aka fassara da Hausa. Namu, in ji ta, hotonsu garau, gidaje na alfarma, sutura ta gani ta faɗa, amma kafin a yi nisa sai ta ga yatsanta yana tura fim ɗin gaba. Na Indiyan kuwa ya kusa awa uku, ta zauna ta kalle shi tas ba ta tsallake komai ba. Tana so ta sani: ita ce haƙurinta ya yi ƙaranci, ko akwai abin da ya ɓace a aikin namu?

Malama, haƙurinki lafiyarsa ƙalau. Wadda ta iya zama awa uku gaban fim ɗaya ba za a ce mata gajen haƙuri ba. Ni sana'ata tace fim ce, wato ni ne ake kawo wa abin da aka ɗauko daga lokeshan in yanka in haɗa, kuma ni ma ina kallon waɗannan shirye-shiryen duk mako, wasu don aiki, wasu don ina son su. Abin da yatsanki yake yi a kan waya, shi ne aikin da ya kamata edita ya yi tun fim ɗin bai iso gare ki ba. Kina yanke abin da aka bari ne ba a yanke ba.

Bari in ba ki misali da wata fitowa da na gani kwanan nan, ba sai na kama sunan shirin ba, don irinta tana ko'ina. Saurayi zai je wurin kawunsa neman ya shige masa gaba a maganar aure. Aka fara nuno mana gari daga sama da jirgin ɗaukar hoto. Sai mota ta iso bakin get, ta yi hon, maigadi ya fito da gudu ya buɗe ɓangare ɗaya, ya koma ya buɗe ɗayan. Mota ta shiga, ta daidaita tsayuwa, saurayi ya fito, ya rufe ƙofa, ya gyara hula, ya taka har falo. Sallama, amsa sallama, bismillah zauna. An wuni lafiya, ya gida, ya aiki, ya mutan gidan, ya ƙoƙari. Yarinya ta kawo ruwa da lemo ta durƙusa ta ajiye. Daga nan saurayi ya kwashe labarin yadda ya haɗu da yarinyar da yadda mahaifinta ya ce ya turo, labarin da mu masu kallo muka gani da idonmu a makon jiya. Kawu ya maimaita masa rabin abin da ya faɗa, don ya tabbatar ya ji daidai. Sai can a ƙarshe kawu ya ce ba zai je ba, saboda akwai tsohuwar rigima tsakaninsa da uban yarinyar. Wannan jimlar guda ita kaɗai ce sabon abu a fitowar gaba ɗaya. Bayan an gama kuma, saurayi ya koma mota ya kira abokinsa a waya ya sake zayyana masa duk abin da kawu ya ce.

Ƙa'idar da ake koya wa duk mai rubuta fim da duk mai tacewa ita ce: ka shiga fitowa a makare, ka fita da wuri. Da an bi ta, da mun tarar da saurayi zaune a ƙasa kansa sunkuye, lemon da aka kawo ba a taɓa ba, kawu yana cewa ba za shi ba. Mai kallo zai cike sauran da kansa, kuma cikewar nan ita ce daɗin kallo. Duk lokacin da fim ya faɗa miki abin da kin riga kin sani, hankalinki ba shi da aikin yi, sai ya tashi ya tafi wani wuri.

Wasu abokan aikina kan ce ai gaisuwa al'adarmu ce, ba za a nuna Bahaushe ya shiga gidan kawunsa ba gaisuwa ba. Na yarda da su ɗari bisa ɗari, amma gaisuwar ma ana iya sa ta ta yi aiki. A ce saurayi ya durƙusa ya ce "Kawu, ina wuni," kawu ya ce "Lafiya" kawai, bai ɗago daga jaridarsa ba, bai tambayi mutan gida ba. Duk Bahaushen da ke kallo, daga Kano har Damagaram, ya san yau akwai magana. An yi gaisuwa, an kiyaye al'ada, labari kuma ya matsa gaba a cikin daƙiƙa biyar. Matsalar ita ce gaisuwar da ba ta ɗauke da komai, wadda aka sa don kawai lokaci ya tafi.

To, ruwa ba ya tsami banza. Masu yin waɗannan shirye-shiryen ba su jahilci abin da na faɗa ba, da yawansu sun fi ni sani. Hanyar samun kuɗin ce ta canja, ita kuma ta canja siffar fim ɗin. Tun daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, har tsawon shekaru, fim kaya ne da ake sayarwa a hannu, kaset da farko, daga baya faifan CD. 'Yan kasuwar Ƙofar Wambai su saya su rarraba, mai kallo ya biya kuɗinsa sau ɗaya. Ko a lokacin ana raba fim na ɗaya da na biyu don a sayar sau biyu, amma dai labarin yana da inda zai tsaya. Sai satar fasaha da masu tura fina-finai a waya suka durƙusar da wannan kasuwar. An gwada kai fina-finai sinima a Kano, amma sinima ɗaya ko biyu ba za su riƙe masana'anta guda ba. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta saba wa mutane da bin shiri mako-mako, sannan a 2020, shekarar kullen korona, kowa ya karkata ga dogon zango, mafi yawa a YouTube.

Shi kuwa YouTube da lokacin da kika ɓata kina kallo yake ciniki. Kafin tasha ta fara samun kason talla, sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon gurbin tallan da zai ɗauka. Kaso 55 cikin ɗari na kuɗin tallan ne yake zuwa hannun mai tasha. Sannan tallan da aka nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar ba ya kawo kuɗi kamar wanda aka nuna wa mai kallo a Ingila ko Amurka. Furodusa ya biya jarumai, ya kama hayar gida da kyamara, ya sayi man janareta, ya ciyar da mutum talatin, kuma dole ya saki kashi guda duk mako a ranar da ya saba, don in ya yi fashi masu kallo su koma wata tashar. Labarin da ke hannunsa na minti ashirin ne, gurbin da zai cike na awa guda. Abin sai ya zama kamar miyar da baƙi suka yi wa yawa, aka yi ta ƙara mata ruwa: tukunya ta cika, ɗanɗano ya gudu. Buɗe get ɗin nan da maimaita labari a waya, duk ruwan da aka ƙara ne. Haka ma tallar maganin gargajiya ko ta filaye da ake sa jarumi ya tsaya ya yi a tsakiyar labari, ita ce sau da yawa take biyan kuɗin kashin.

Akwai kuma abin da ba ya fitowa fili sai ga wanda ya zauna gaban kwamfutar tacewa. A lissafin masu rubutun fim, shafi ɗaya na rubutu yana ba da kusan minti ɗaya a allo. Kashi mai awa guda yana buƙatar shafi wajen sittin kenan, duk mako. Marubuci ɗaya, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin sallama a cikin ma'aikatan, ba zai iya zubo shafi sittin masu kyau duk kwana bakwai ba. Sai a koma ga tsohuwar hanya: a gaya wa 'yan wasa gundarin abin da zai faru, a ce su yi magana da bakinsu. Wannan hanya tana da asali mai daraja a wurinmu. Su marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja, da marigayi Ƙasimu Yero sun riƙe masu kallon talabijin na Kaduna shekara da shekaru da kaifin bakinsu. Amma irin wannan baiwa ba kowa Allah ya ba ba. Wanda ba shi da ita, in aka ce ya yi magana, sai ya yi ta kewaye, yana faɗin abu ɗaya da kalmomi daban-daban har darakta ya ce a tsaya.

Illar hakan a wurina ita ce wannan. Yawanci da kyamara ɗaya ake aiki. A ɗauki fitowar daga nesa mutum biyu suna ciki, a sake ɗauka kusa da fuskar wannan, a sake kusa da fuskar wancan. Idan maganar a rubuce take, kowane ɗauka kalmomin iri ɗaya ne, zan iya yankowa daga nan in haɗa da can, in zubar da abin da ba shi da amfani ba tare da kin lura ba. Idan kuwa da ka aka yi, abin da jarumi ya faɗa a ɗauka na farko daban, na biyu daban, hannunsa a nan yana kan gwiwa, a can yana riƙe da waya. Ba su haɗuwa. Dole in bar dogon ɗaukan nan na nesa ya yi ta tafiya yadda yake, da duk kame-kamensa. Sau da yawa in kin ga fitowa ta yi tsawo kyamara ba ta motsa ba, ba ragwancin edita ba ne, ba a ba shi abin da zai yanka zuwa gare shi ba.

Yanzu ga abin da na fi so ki lura da shi, don shi ne mutane ba sa kawowa a ransu: sauti. Kin ce hoto garau, kuma gaskiya ne. Kyamarori sun yi sauƙin samu, matasanmu sun ƙware da haske da gyaran kala, har wani lokaci sukan wuce gona da iri su mayar da fatar kowa fara sol. Hoto shi ake gani a tallar fim, shi ake yankowa a sa a TikTok, don haka can kuɗi yake tafiya. Sauti kuwa sai a bar wa yaro ɗaya da makirufo ɗaya. Gidajen alfarmar nan da kika yaba su ne manyan abokan gabar mai ɗaukar sauti. Falo mai faɗi, ƙasa tayil, bango sumul, silin mai tsawo, murya tana fita ta bugi bango ta dawo, sai ki ji kamar a cikin rijiya ake magana. Ga janareta yana ruri a bayan gida, ga na'urar sanyaya ɗaki, ga adaidaita sahu yana wucewa. In aka juya kyamara zuwa ɗayan jarumin, nisan makirufo ya canja, ƙarar janaretan ma ta canja, sai ya zama duk yanka ɗaya kunnenki ya ji tsalle.

Maganin wannan sananne ne kuma ba shi da tsada. A shimfiɗa barguna ko darduma a inda kyamara ba ta gani don su shanye amsa-kuwwa, a ja janareta nesa da doguwar waya, a liƙa wa kowane mai magana ƙaramin makirufo a ƙirji bayan na sandan da ke sama. In an gama fitowa, kowa ya yi tsit na minti ɗaya a naɗi shirun ɗakin, don kowane ɗaki yana da irin nasa shirun, da shi edita yake cike tsakanin maganganu. Minti ɗayan nan shi ake cewa babu lokacinsa, rana tana faɗuwa, akwai sauran fitowa goma. Sai a kawo mini aiki da ramuka, ni kuma abin da ya rage mini shi ne in shimfiɗa kiɗa a kai in rufe. Dalilin da ya sa kike jin kiɗan tausayin nan na fiyano tun daga farkon kashi har ƙarshensa kenan, ana kuka da shi, ana cin abinci da shi, ana cinikin mota da shi. Kiɗan da ba ya tsayawa ba ya taɓa zuciya, gajiyar da kunne kawai yake yi. Ke kuma a waya kike kallo, da ƙaramar lasifika, wataƙila yara suna wasa a gefe. Ƙwaƙwalwarki tana wahalar tsamo kalmomi daga cikin hayaniya ba ki sani ba, bayan minti ashirin sai ki ji kin ƙosa, ki ɗauka labarin ne.

Ki gwada wannan da fim ɗin Indiyan da kika kalla. Masu fassara a ɗakin naɗar sauti suke aiki, bakinsu dab da makirufo, babu janareta babu amsa-kuwwa. Kowace kalma tana shiga kunnenki ba wahala, ga kuma salon magana da karin zance da suke zubawa, wanda shi kansa gwaninta ne. Sannan fim ɗin da suka ɗora muryar a kai an gina shi ne don sinima, inda mutum ya biya kuɗi ya zauna cikin duhu. Tun da wuri za a nuna miki abin da jarumi yake nema da wanda ya tare masa hanya. A tsakiya, daidai inda sinimomin Indiya suke ba da hutu, za a juya labarin ya kife, don kada mai kallo ya fita shan iska ya ƙi dawowa. Kuma marubucin ya san ƙarshen labarinsa tun kafin a kunna kyamara. Ba na mance cewa kuɗin da suke kashewa a waƙa ɗaya ya isa a yi zango guda a nan, amma sanin inda labari zai ƙare ba kuɗi yake ci ba. Tsawo ma a kan kansa ba laifi ba ne. Shirye-shiryen Turkiyya kashi ɗaya yakan haura awa biyu, mutane suna binsu. Na Koriya ta Kudu da yawa kashi 16 ne a rufe labari. Namu kuwa sau da yawa ana farawa ne ba a san ranar tsayawa ba, in zango ya karɓu a ƙara wani, a ta da wanda ya mutu, a kawo wata kishiyar.

Wani abu kuma da na lura da shi a kallon da nake yi: rawa da waƙa sun ja baya sosai a dogon zango. An daɗe ana sukarsu, malamai sun yi magana, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001 ta sha sa musu ƙa'idoji. Ko me mutum yake gani game da su, a fim ɗin da suna da aikin da suke yi. Saurayi da budurwa ba za su taɓa juna ba, ba za su faɗi wasu kalmomi a gaban iyaye ba, sai waƙa ta ɗauki wannan nauyin cikin minti biyar. Da aka cire ta ba a sami abin da ya maye gurbinta ba, sai doguwar hirar soyayya a waya, shi yana kwance a gadonsa, ita tana kwance a nata da cikakkiyar kwalliya da tsakar dare.

Kada ki ɗauka ban ga abin da ya burge ni ba. A cikin irin waɗannan shirye-shiryen na ga fitowar da har yanzu tana raina. Ɗan fari ne ya dawo gida bayan an kore shi daga aiki, bai gaya wa kowa ba. Mahaifiyarsa tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ya gaishe ta, ta amsa ba ta dube shi ba, kamar yadda uwa take yi da ɗan fari, ba ta kuma kama sunansa ba. Ya zauna nesa kaɗan. Kyamara ta tsaya a kan hannunta: tana tsinta, tana tsinta, sai hannun ya tsaya cak. Ta kira ƙanwarsa ta ce a zubo wa "wannan" abinci, a sa masa naman da ta ajiye. Shi kenan. Babu kiɗa, sai kukan kaji a tsakar gida da ƙarar shinkafa a faranti. Ba wanda ya ce "na san abin da ya same ka," amma duk mai kallo ya san ta sani. Fitowar ba ta kai minti biyu ba, kuma ba ta ci kuɗin jirgin ɗaukar hoto ba.

Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani mai shirya fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna cewa fuska ɗaya da ba ta nuna komai, in aka haɗa ta da hoton kwanon miya mai kallo zai ga yunwa, in aka haɗa ta da hoton gawa zai ga baƙin ciki. Mai kallo ne yake zuba ma'anar. Mu kuwa Allah ya ba mu al'adar da rabin zancenta ba da baki ake yinsa ba: kunya, kara, kawaici, alkunya, surukar da ba ta haɗa ido, matar da ba ta faɗin sunan miji, dattijon da in ransa ya ɓaci sai ya yi shiru ya ja carbi. Wannan dukiya ce ga mai kyamara, kuma dattawan 'yan wasanmu, mata da maza, sun iya ta ba sai an koya musu ba. Abin da yake ba ni takaici shi ne a samu irin waɗannan mutane a gaban kyamara, sannan a cika musu baki da bayanin abin da fuskarsu ta riga ta faɗa. Kuma masana'antar tana iya yin babban aiki in ta samu lokaci da tsari. A 2024 fim ɗin Hausa, Mai Martaba, wanda aka ɗauka a Daura, shi Najeriya ta zaɓa ya wakilce ta a gasar Oscar.

In kina so ki riƙa gane inda matsalar take a duk abin da kike kallo, ki ɗauki fitowa ɗaya ki rufe ido ki saurara. In kin ji murya tana nisa tana kusa, ko kiɗa yana danne magana, to sauti ne ya gajiyar da ke. Sannan ki kashe sautin ki kalli fitowar. In ba ki iya gane wa ke fushi, wa ke roƙo, wa ke ɓoye wani abu ba, to an bar wa baki aikin da ya kamata kyamara ta yi. In fitowa ta ƙare kuma ki tambayi kanki me ya canja tsakanin farkonta da ƙarshenta. In babu, ita ce wadda yatsanki yake tsallakewa.

Tsallakewar nan kuma ba a ɓoye take ba. YouTube yana nuna wa mai tasha zanen yadda aka kalli kowane bidiyo, inda mutane suka tura gaba, inda suka koma baya suka sake kallo, da inda suka fita gaba ɗaya. Furodusoshi suna duba wannan, suna kuma karanta ra'ayoyin da ake rubutawa a ƙarƙashin shiri fiye da yadda kike zato. Yawancin abin da suke tararwa yabon jaruma ne ko zagin muguwar kishiya. Idan kika rubuta musu cewa daga minti kaza zuwa minti kaza maimaici ne, ko a fitowar falo ba a jin maganar kawu saboda kiɗa, kin ba edita da mai ɗaukar sauti hujjar da za su nuna wa furodusa ranar da za su roƙi a ba su minti ɗayan nan na shiru a lokeshan, ko a bar su su yanke buɗe get.